Ƙarar Kunne da Ciwon Wuya: Tambayoyi da Amsoshi ga Wanda Abin Yake Ƙaruwa Masa

Da rana ba ka cika jin ta ba. Babura na wucewa, yara na guje-guje a tsakar gida, maƙwabci ya kunna rediyo. Sai dare ya raba, a ɗauke wuta, fanka ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya, sannan ta fito fili: wani siririn sauti kamar kukan gyare, ko fito, ko shuuu irin na rediyon da bai kama tasha ba. Ka tambayi na kusa da kai ko yana ji, ya ce shi bai ji komai ba. Na yi shekaru da wannan lalura, kuma a lokacin da ta fi tsananta mini, wuyana ma ya sage har ba na iya waiwaye sai da duka jikina. Tambayoyin da ke ƙasa su ne na yi ta yi wa kaina da likitoci, su ne kuma nake ji a bakin masu fama irina. Ba za su maye gurbin ganin likita ba, amma za su taimaka ka je wurinsa da sanin abin da za ka faɗa.

Mece ce ƙarar kunne, kuma daga ina take fitowa?

Jin sauti ne alhali babu wani abu a waje da yake yin sa. Likitoci suna kiran ta tinitus. Alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama, kuma abubuwan da ke jawo ta suna da yawa.

A can cikin kunne akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa, a cikinta kuma akwai dubban ƙwayoyin halitta masu kama da gashi. Su ne ke mayar da sauti saƙon da jijiya za ta kai wa ƙwaƙwalwa. Idan hayaniya ko shekaru ko wani magani ya lalata wasu daga cikinsu, ba sa sake tsirowa. Sai saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, ita kuma ta ƙara murya don ta kamo abin da ya ɓace mata, kamar mai murɗa rediyo zuwa ƙarshe saboda tashar ta yi nisa. Wannan shuuu ɗin da ke biyo baya shi ne kake ji. Wato a kunne ake jin ta, amma yawanci a ƙwaƙwalwa take haihuwa.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Wani babban nazari da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manya a duniya suna da ita, wato mutum fiye da miliyan 740. Waɗanda take damu matuƙa sun kai kimanin kashi 2 cikin 100.

To ina ruwan wuya da kunne?

Akwai ruwansa, kuma ba camfi ba ne. Tashar farko da saƙon ji yake sauka idan ya baro kunne tana a gindin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda laka ta fara. Wannan tasha ba jijiyar kunne kaɗai take saurara ba. Jijiyoyin da ke ɗauko labarin saman wuya, musamman wadda ke fita ta wajen gaɓa ta 2 cikin gaɓoɓin ƙashin wuya guda 7, da babbar jijiyar fuska da muƙamuƙi, duk suna da reshe da ke shiga wurin. Hikimar hakan ita ce ƙwaƙwalwa ta san lokacin da kake tauna ko juya kai, ta rage maka sautin jikinka don ka ji na waje.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin Boston na Amurka, Robert Levine, ya bayyana wannan alaƙa a 1999, bayan ya lura cewa marasa lafiyarsa da yawa suna iya sauya ƙarar da ke kunnensu ta hanyar datse haƙora ko matse naman wuya. Daga baya Susan Shore ta Jami'ar Mishigan ta bi diddigin jijiyoyin a jikin ɓeran masar, ta kuma gano wani abu da ya fi jan hankalina: idan ji ya ragu, saƙon da ke zuwa daga wuya da muƙamuƙi yana ƙara ƙarfi a wannan tasha, kamar ya cike gurbin da kunne ya bari.

Abin da na fahimta daga wannan shi ne, ga yawancinmu wuya ba shi ne ya kunna rediyon ba, amma hannunsa na kan maɓallin ƙara murya. Kunne ya ɗan samu rauni tun da daɗewa, wataƙila ba ka ma sani ba, sai wuya ya sage, ƙarar da take a kwance ta tashi. Akwai kuma waɗanda wuyan ne ya fara jawo musu ita kai tsaye, musamman bayan hatsarin mota ko babur da kai ya fizgu gaba da baya.

Ta yaya zan gane ko tawa tana da nasaba da wuya?

Zauna wuri shiru, ka saurari ƙarar yadda take. Sai ka datse haƙoranka na daƙiƙa biyar ka saki. Tura haɓarka gaba. Juya kai dama a hankali, sannan hagu. Ɗora tafin hannu a goshi, ka tura kai a kansa ba tare da kan ya motsa ba. Bi da yatsa ka ɗan danna naman da ke ƙarƙashin ƙeya, da igiyar naman da ta taso daga bayan kunne ta gangaro zuwa ƙashin ƙirji, da saman kafaɗa. Ƙarar ta ƙaru, ko ta ragu, ko muryarta ta sauya?

Sai dai kada ka yanke hukunci da wannan kaɗai. Kusan biyu cikin uku na masu ƙarar kunne suna iya sauya ta da irin wannan motsi, har wasu da ba su da ita ma sukan ji wani sauti idan suka datse haƙora da ƙarfi. Abin da ya fi nuna cewa wuya na da hannu shi ne tarihin abin. A 2018 wasu masana daga ƙasashe daban-daban sun yi ittifaƙi a kan alamomin da za a duba, kuma manyansu su ne: ƙarar da ciwon wuya ko na muƙamuƙi sun fara lokaci guda; ranar da wuya ya matsa, ita ma tana matsawa; ta fara bayan buguwa a kai ko wuya; tana ƙaruwa idan ka daɗe a wani irin zama ko kwanciya; tana hawa da sauka daga rana zuwa rana; ko kana cizon haƙora cikin barci.

Na san wani tela da yake wuni a sunkuye kan keke, musamman goman ƙarshe na azumi da ɗinkin salla ya taru. Kafin la'asar ƙarar ba ta damunsa. Daga magariba sai ƙeya ta ɗaure, kafaɗar dama ta yi nauyi, kunnen dama ya ɗauki fito. Bayan salla da kwana uku, aiki ya lafa, ita ma ta lafa. Irin wannan labari ya fi kowane hoto bayani. Haka abin yake ga mai dako, da mai ɗaukar ruwa a ka ko da gammo, da ɗan acaɓa mai shan gargada, da magatakarda mai wuni gaban kwamfuta, da duk wanda yake kwanciya da waya a hannu, kai a lanƙwashe jikin bango. Kan babban mutum ya kai kilo 5, kuma gwargwadon sunkuyar da shi, gwargwadon wahalar naman ƙeya.

Ka samu ɗan littafi, ka yi mako biyu kana rubuta ƙarfin ƙarar daga 1 zuwa 10, da na ciwon wuya daga 1 zuwa 10, safe da dare, da aikin da ka wuni kana yi. Mako biyu ya isa. Kada ka mayar da shi aikin kullum, domin yawan sauraron ta yana ƙara mata girma.

An yi mini hoto an ce ƙashin wuyana ya zaizaye. Shi ne sanadin?

Ba lallai ba ne. Mafi yawan waɗanda suka haura shekara 60 hotonsu zai nuna zaizayar, har da waɗanda ba abin da ke damunsu. Abin da hannun likita ya taɓa ya ji, da yadda ciwon yake tafiya tare da ƙarar, sun fi hoton muhimmanci.

Idan aka yi maganin wuyan, ƙarar za ta tafi?

Ga wasu tana raguwa sosai, ga 'yan kaɗan tana ɗaukewa, ga wasu kuma wuyan ne kawai zai warke. A Jami'ar Antwerp ta ƙasar Beljiyam, Sarah Michiels da abokan aikinta sun gwada gashin ƙashi a kan mutum 38 masu ƙarar kunne da ciwon wuya tare, zama 12 cikin mako shida, aka wallafa sakamakon a 2016. Kashi 53 cikin 100 sun ce sun samu sauƙi na a zo a gani da gama jinyar. Bayan wasu makonni shida, waɗanda sauƙin ya ɗore musu sun koma kashi 24. Mutum 38 ba su da yawa, amma darasin a fili yake: akwai amfani, kuma wanda ya daina motsa wuyan ya koma tsohon zamansa, abin yana iya dawo masa.

A ganina, duk wanda yake da ciwon wuya tare da ƙarar ya cancanci ya gwada, domin ko ba komai zai rabu da ciwon wuyan ya samu barci. Abin da masu gashin ƙashi na asibiti suke yi shi ne sassauta naman da ya ɗaure, motsa gaɓoɓin a hankali, da koya maka atisayen da za ka riƙa yi a gida. Wanda ya fi yi mini amfani mai sauƙi ne: in zauna a miƙe, in ja haɓata baya kamar zan yi ninkin wuya, ba tare da sunkuyar da kai ba, in riƙe daƙiƙa biyar, sau goma. Sai tsumma mai ɗumi a ƙeya da dare, da filo ɗaya maimakon biyu. Mai aikin zama ya riƙa tashi duk bayan rabin awa, waya kuma a ɗago ta zuwa fuska. Idan muƙamuƙi ne ke ƙara ko ciwo, a ga likitan haƙori, a kuma bar cingam da gurguran abu mai tauri na ɗan lokaci. Duk motsin da ya kawo jiri, ko ya harba ciwo zuwa hannu, a dakata da shi a koma wurin likita.

Mai askina yakan murɗa mini wuya ya yi ƙas, in ji daɗi. Akwai laifi?

Don Allah ka bari. Akwai jijiyoyin jini guda biyu da suke bi ta cikin ramukan ƙashin wuya suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa. Fizgar wuya da ƙarfi tana iya yaga bangon ɗayarsu, jini ya daskare, a samu shanyewar ɓarin jiki, ko da mutum matashi ne. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru babu dawowa baya cikin sauƙi, kuma daɗin da kake ji na mintuna ne. Haka nake faɗa game da bai wa yaro ya taka maka wuya, ko wani ya ja maka kai da sunan gyara.

Me ya sa tawa take ƙaruwa kwanan nan?

Fara da hayaniya. Ma'aunin da ake bi a wuraren aiki shi ne desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ba sai kana da na'ura ba: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, wurin yana cutar da kunne. Injin niƙa, janareto a bakin taga, shagon walda, zama kusa da lasifika a wurin biki ko wa'azi, abin sauraro a kunne an ƙure shi. Abin toshe kunne na soso ba shi da tsada, a sa shi a irin waɗannan wurare. Amma kada a wuni da shi a wuri shiru, domin hakan yana sa ƙwaƙwalwa ta ƙara murya.

Sai magunguna. Duk wanda ya taɓa shan kwinin don zazzaɓin cizon sauro ya san yadda yake sa kunne kuka, kuma wannan yakan wuce bayan an gama. Asfirin mai yawa ma haka. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne allurar jentamaisin da ake yi barkatai a kemis, da 'yan'uwanta irin su sitireftomaisin, domin ɓarnarsu ga kunne tana iya zama ta dindindin. Idan likita ne ya ɗora ka a kan magani, kada ka yanke da kanka. Koma ka gaya masa abin da kake ji.

Dauɗar kunne da ta toshe ma tana ƙara ta, kuma sosa kunne da ashana ko gashin kaza ko tsinken auduga tura dauɗar ciki yake yi. Mura, hawan jini, ƙarancin jini, duk suna taɓa ta. Wanda ya tashi daga sanƙarau ko zazzaɓin Lassa ya nemi a auna jinsa, domin duka biyun suna barin rauni a kunne.

Amma abin da ya fi saurin tayar da ita shi ne rashin barci da damuwa. Su ne kuma suke ɗaure naman wuya da sa cizon haƙora, sai ka ga abin ya zama zobe: damuwa ta ɗaure wuya, wuya ya tayar da ƙara, ƙara ta hana barci, rashin barci ya ƙara damuwa.

In bar goro da shayi?

Bincike bai nuna cewa barinsu yana rage ta ba. Ka dai guje su daga la'asar saboda barci.

Wace alama ce ba a jira da ita?

Idan ji ya ɗauke a kunne ɗaya farat ɗaya, ko cikin kwana uku, ka je asibiti a ranar. Kada ka ce mura ce ko iska ce ta shiga. Akwai maganin da ake bayarwa, kuma amfaninsa yana cikin mako biyun farko, gara ma kwanakin farko. Haka idan ƙarar ta zo da karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, gani biyu-biyu, jiri mai kayarwa, ko wani sabon ciwon wuya da kai mai tsanani bayan buguwa ko murɗa.

Akwai waɗanda ba na ranar ba ne amma kada su wuce 'yan makonni: ƙarar da ke bugawa daidai da bugun zuciya, fuu-fuu-fuu, wadda take buƙatar a duba jini da jijiyoyinsa, ƙarar kunne ɗaya tak da ta ƙi tafiya, musamman idan jin wannan kunnen ya ragu, domin wani lokaci akan yi hoton MRI a tabbatar babu tsiro a jijiyar ji, da kunnen da ke zubar da ruwa ko mugunya.

Idan kuma ta kai ka ga jin rayuwar ta ishe ka, wannan ma gaggawa ce. Ka faɗa wa wani na jikinka yau, ku je asibiti tare. Mutane da yawa sun tsaya a wannan wuri, kuma sun wuce shi.

Za ta kurmantar da ni?

A'a. Ƙarar ba ta cin ji. Sau da yawa raunin jin ne ya haife ta, shi ya sa kare abin da ya rage yake da muhimmanci.

A gida an ce zancena ake yi, wasu kuma sun ce shafar aljanu ce.

Mun taso muna jin cewa idan kunne ya yi kuka wani ne yake ambaton ka. Wannan ɗan kukan na daƙiƙoƙi kusan kowa yana yin sa, ba komai ba ne. Wadda ta zauna kuwa tana da sanadi a jiki da ake iya aunawa. Ka yi addu'arka, ka nemi lafiya wurin Mai bayarwa, ka kuma je a duba ka. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada a ɗiga maka komai a kunne, ko man zaitun ko ruwan albasa ko na wani ganye, kafin a tabbatar dodon kunnen ba a huje yake ba. Idan kuma muryoyi kake ji suna magana, wannan wata lalura ce daban, ita ma tana da likitocinta da maganinta.

Akwai ƙwayar da ke kashe ta?

Har yanzu babu. Ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta fitar da jagora a 2014 inda ta ce kada a ba masu wannan lalura ganyen ginko ko sinadarin zinki da makamantansu da sunan magani, domin gwaji bai nuna suna aiki ba. Duk mai tallar kwalba a intanet da alƙawarin warkewa cikin kwana bakwai, kuɗinka yake so.

Abubuwan da suka tabbata suna taimakawa ba su da ƙyalƙyali. Wanda jinsa ya ragu, na'urar ƙara ji takan danne ƙarar, saboda ƙwaƙwalwa ta samu sautin da take nema. Sai jinyar tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, wadda ake kira CBT, kuma ita ce ta fi kowacce hujja wajen rage wahalar. Ba ta kashe sautin, tana raba shi da tsoro ne. Tun 1990 wani mai bincike kan ƙarar kunne, Pawel Jastreboff, ya yi bayanin cewa abin da ke sa ƙarar ta addabi mutum shi ne ƙwaƙwalwa ta ɗauke ta a matsayin haɗari, ta ƙi sakin ta. Wanda gidansa ke bakin titi ba ya jin motoci, baƙonsa ne ke kasa barci. Haka take komawa ga mafi yawan mutane cikin watanni: tana nan idan ka neme ta, amma sai ka wuni ba ka tuna ba.

Akwai kuma sababbin na'urori da suka ginu a kan alaƙar da ke tsakanin jijiyar ji da jijiyoyin taɓi, irin na wuya da fuska da muka ambata. Lenire, wadda wani kamfanin ƙasar Ayalan ya ƙera, tana haɗa sauti da ɗan motsin lantarki a harshe, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2023. Tana da tsada ƙwarai, kuma sauƙi take bayarwa, ba warkewa ba.

Dare ne ya fi mini wahala. Yaya zan yi?

A 1953 wasu masu bincike biyu, Heller da Bergman, sun sa mutum 80 masu lafiyayyen ji a ɗakin da sauti ba ya shiga na mintuna biyar. Kashi 94 cikin 100 sun ce sun ji wani kuka ko fito. Shiru ne ke fito da ita, don haka kada ka kwana cikin shiru. Fanka mai caji, rediyo can ƙasa-ƙasa, ko sautin ruwan sama da aka sauke a waya aka ajiye gefen gado. Ka saita shi ƙasa kaɗan da ƙarar, yadda za su cakuɗu, ba yadda zai binne ta ba. Kwanta a gefe ko rigingine, filo ya cike tsakanin kunne da kafaɗa. Kwanciyar rub da ciki tana murɗe wuya dare guda. Idan barci ya ƙi zuwa, tashi ka zauna ka yi wani abu mai sanyaya rai har ya zo, ya fi ka kwanta kana kokawa da ita.

Ina zan je, kuma me zan ce?

Fara da likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ka nemi a leƙa kunnen a kuma yi maka gwajin ji, ko da kana ganin jinka garau yake. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri duk suna da wannan sashe, suna kuma da sashen gashin ƙashi. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana duba matsalar wuya. A Nijar, babban asibitin ƙasa na Yamai yana da likitocin kunne.

Likitan kunne ba lallai ya tambaye ka wuya ba, mai gashin ƙashi ma ba lallai ya tambaye ka kunne ba, don haka kai ne za ka haɗa musu zancen. Tafi da ɗan littafinka na mako biyu, da kwalayen duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya da allurar da aka yi maka a kemis. Faɗi ranar da ta fara, kunne ɗaya ne ko biyu, tana bugawa ko a miƙe take, wane aiki kake yi, kuma ka nuna masa da hannunka motsin da yake sauya ta.